Yashi da laka "intabedin" a rahoton burtsatse: ruwan taɓo za mu sha?

Dan_Jega
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Unguwarmu muka yi karo-karo aka haƙa mana rijiyar burtsatse a bakin masallaci. Masu haƙar sun ba mu rahoto da Turanci, ni aka ɗora wa nauyin karanta wa kwamiti da Hausa. Akwai wurin da aka rubuta cewa daga mita 38 zuwa mita 74 yashi ne da laka "intabedin". Da jin yashi da laka a layi ɗaya, shugaban kwamitinmu ya ce shi ke nan, an cuce mu, cakuɗaɗɗiyar ƙasa ce, ruwan taɓo za mu sha. Yanzu ya ce kada a biya ragowar kuɗin. Don Allah waɗanda suka karanci ilimin duwatsu, me kalmar take nufi? Kuma da Hausa me zan ce musu? Ranar Juma'a bayan an sauko za mu zauna.

Abu_Fatima
Wa alaikumus salam. Ai kai ma da ka ɗora ruwan a kofi ka miƙa wa shugaban ya sha, an gama muhawara.

Dan_Jega
Ba a sa famfo ba tukuna Abu, sai an biya. Nan gizo ke saƙar.

Dakta_Rima
Malam Dan_Jega, ka gaya wa Baba shugaba ya kwantar da hankalinsa, kalmar ba cakuɗa take nufi ba. Akasin haka ma take nufi. Idan yashi ya gauraye da laka a dunƙule, wata kalma daban ake rubutawa, a ce yashi mai laka ko laka mai yashi. Intabedin kuwa shi ne kowanne yana zaman kansa: shimfiɗar yashi, a ƙarƙashinta shimfiɗar laka, a ƙarƙashinta yashi kuma, haka bi da bi har a wuce wurin. Tsakanin kowace shimfiɗa da ta kusa da ita akwai iyaka da za ka iya ɗora yatsa a kai.

Wannan kuwa shi ne halin ƙasarku. Yankin Jega, Birnin Kebbi da Argungu yana kan rukunin shimfiɗun da ake kira na Gwandu, kuma duk wanda ya yi aiki a can ya san yashi da laka ne suke karɓar juna. Yashin shi ke riƙe ruwa, lakar kuma ita ce murfi. Ruwan da ke cikin yashin da laka ta rufe ta sama ya fi tsira daga ƙazantar masai da kwata. Don haka a wurina labari ne mai daɗi, da sharaɗi ɗaya: a ina suka sa sikirin, wato bututu mai ƙananan huji da ruwa ke shiga rijiyar ta cikinsa?

MaiRigi_BK
Dakta ya taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Ni haƙar nake yi, shekaru na yi a kan rigi, wato injin haƙa. Bari in gaya muku yadda ake samo wannan rubutun. Duk sandar haƙa da ta shige, yaro zai tara abin da ruwan haƙa ya turo waje da rariya, ya zube shi a ƙasa tuli-tuli a jere, kowane tuli na sanda ɗaya. In an gama sai ka ga layi mai tsawo: wannan fari mai garas-garas, wannan toka-toka mai danƙo, wannan ja. Amma gaskiyar magana, kafin abin ya taso daga mita sittin ya riga ya gauraye a hanya. Abin da ke gaya mana gaskiya hannu ne da kunne. In kan haƙa ya shiga yashi, sanda tana sauka da sauri tana kaɗawa, ruwan rami yana raguwa don yashin na sha. In ya shiga laka sai inji ya sauya murya, saukar ta yi nauyi, ruwan ya yi kauri, wani lokaci lakar ta dunƙule a bakin haƙa sai an ɗago an wanke. In wannan sauyi ya yi ta maimaituwa cikin 'yan sanduna kaɗan, har ba ka iya raba kowanne da mitarsa, sai a ja layi ɗaya a rubuta intabedin.

To ka ga shugabanku bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. In aka sa sikirin a saitin laka, ko ba a zuba tsakuwa a bayan kesin, wato bututun da ke riƙe bangon rami, yadda ya kamata ba, ko ba a wanke rijiyar da iska har ruwa ya tsaya garau ba, wallahi ruwan taɓon za ku sha. Amma laifin aiki ne, ba laifin kalma ba.

UmmuSadiq
Abin da ya same mu ke nan a gidan da muke haya. Wata uku ruwa kamar kunun kanwa, in ka tara a bokiti da safe sai ka ga taɓo ya kwanta kamar yatsa biyu. Kamfanin da ya haƙa ya daina ɗaukar waya. Wani ne daga baya ya zo ya duba ya ce sikirin ɗin rabinsa a laka yake. Dan_Jega ku nemi su nuna muku a rubuce.

Malamin_Jogurafi
Game da tambaya ta biyu, ta Hausar kalmar. Ni a aji "shimfiɗu masu karɓa-karɓa" nake ce wa yara, kuma suna ganewa nan take.

Abu_Fatima
Karɓa-karɓa? Wato yashi ya yi shekara takwas, laka ta yi takwas. Allah ya sa kada yashin ya nemi tazarce.

Kufena01
Hahaha Abu ba ka da dama. Amma ni "hawa-hawa" na fi ji a kunnena.

Malamin_Jogurafi
Hawa-hawa bai isa ba, Kufena. Duk dutsen da ya samu ta hanyar kwanciyar ƙasa hawa-hawa yake, ko da yashi ne zalla daga sama har ƙasa. Abin da ake son nunawa a nan shi ne iri biyu ne, ko fiye, suke sauya juna.

Baba_Wurno
Ɗana ya karanta min abin da kuka rubuta, shi ka rubuta min wanga. Mu da munka yi haƙar rijiya da hannu ba mu san Turanci ba, amma abin ga mun san shi. Kana cikin rami da ɗan guntun diga, ka huda jar ƙasa, ka huda marmara, ka iske yumɓu mai sanyi wanda ka yanka kamar sabulu. In ka ga yumɓun ya fara jiƙa daga ƙasa, ka ce ma na sama su riƙe igiya da kyau, don kana hudawa rairayi na nan, ruwa ka tasowa. Wani wuri ruwan kaɗan ne, damina ta wuce ya ƙafe. Sai mu ce wanga ba shi ne ba, a ci gaba. Ka sake iske yumɓu, ka sake hudawa, sannan ka kai ga na gaskiya. Rairayin nan na tsakani shi ka kashe mahaƙa, don shi ka zubowa ta gefe ya bar yumɓu a rataye bisa kanka. Shi ya sa in mun kai gare shi ba mu ƙara taki sai an saukar da zoben siminti. Mu dai "ratsi" muka cewa. Ratsin yumɓu, ratsin rairayi.

Dakta_Rima
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya bayyana shi ne muke zana wa ɗalibai a allo: ruwan farko na saman laka wanda ke ƙafewa da rani, da ruwa na biyu da ke ƙarƙashin murfi. Kuma "ratsi" ta yi min, don tana warware wata matsala. A rahoto, jerin kalmomi yana da ma'ana. Yashi mai ratsin laka daban, laka mai ratsin yashi daban. Na farko yashi ne ya fi yawa, rijiya za ta ba da ruwa sosai. Na biyu lakar ce uwa, yashin 'yan siraran layuka ne, ruwan sai a hankali. Dan_Jega ka duba wanne aka fara ambata.

Kufena01
Tambaya. A nan Zariya in ka je inda ake fasa dutse za ka ga wani dutse mai layi-layi, fari da baƙi, fari da baƙi, wani ma a lanƙwashe. Shi ma intabedin ne?

Hadiza_Geo
A'a Kufena, wannan kuskure ne da kusan kowane ɗalibin shekarar farko yake yi. Zariya, Kano da yawancin Kaduna a kan tsohon dutsen gindi suke, giranayit da nayis da danginsu. Layukan da kake gani a nayis, wato dutsen nan mai layi-layi, ba kwanciya ce ta kawo su ba. Zafi da matsi ne a can cikin ƙasa suka ware ma'adinai masu haske gefe, masu duhu gefe. Ba kogi, ba teku, ba wanda ya riga wani kwanciya. Shi ya sa ba za ka iya cewa layin ƙasa ya girmi na sama ba, alhali a shimfiɗun Sakkwato ko na Gombe wannan ita ce ƙa'idar farko, wadda Nicolas Steno ya rubuta tun 1669: in ba a kifar da su ba, na ƙasa ya riga na sama. Ruwan burtsatsenku ma ba a shimfiɗa yake ba, a tsaguwar dutse da ruɓaɓɓen samansa yake. Shi ya sa a Zariya maƙwabcinka zai samu ruwa kai ka haƙa ka tashi a tutar babu.

Ustaz_Bello
Masha Allah. Wannan ya tuna min da aya ta 27 a Suratu Faɗir, inda Allah ya ambaci cewa a cikin duwatsu akwai ratsi-ratsi farare da jajaye masu launi daban-daban, da baƙaƙe ƙirin. Kun ga ratsin da Baba ya faɗa.

Sani_Kwantagora
Sadaƙallahul azim. To amma ni abin da ban gane ba, me zai sa ƙasa ta riƙa sauyawa haka? Wa ke zuba yashi yau, gobe ya zuba laka?

Hadiza_Geo
Malam Sani ka gwada wannan a gida. Ka ɗebi ƙasar bakin kogi cikin gorar roba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Cikin daƙiƙu yashi zai zauna. Lakar kuwa sai ta kwana tana yawo kafin ta sauka a kansa. Gobe ka ƙara wata ƙasar a hankali, za ka samu yashi, laka, yashi, laka. Ruwa mai ƙarfi yashi yake ajiyewa, ruwa mai kwanciya laka yake ajiyewa. Don haka duk abin da zai sa ƙarfin ruwa ya riƙa sauyawa a wuri ɗaya zai haifar da wannan tsari. Kogi ya yi ambaliya ya janye. Kogi ya sauya hanya, inda yake gudu da ya zama fadama. Teku ya matso ya koma.

Sani_Kwantagora
Teku kuma? A Kebbi?

Dakta_Rima
Na Gwandu dai galibi aikin koguna da tafkuna ne. Amma abin da ke ƙarƙashinsa, wanda ya fito fili a gabashin Sakkwato, na teku ne ba tantama. Akwai lokacin da wani siririn teku ya ratsa inda Sahara take yanzu ya shigo har ƙasar Sakkwato, kuma ba sau ɗaya ya zo ba. In ka bi jerin daga ƙasa zuwa sama za ka karanta zuwansa da komawarsa. Shimfiɗun Taloka, yashi mai laushi da laka na bakin gaɓa. A kansu na Dukamaje, dutsen laka da ɗan farin dutse da jifsin (ma'adinin da ake yin filasta da shi), teku ya shigo. Sai na Wurno, garin Baba, yashi ya dawo, teku ya ja baya. Sai na Dange, dutsen laka kuma. Sai na Kalambaina, farin dutsen da masana'antar siminti ta Sakkwato take ci, wanda ya kwanta kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, cike da ɓawon halittun ruwan gishiri. A shimfiɗun Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku mai kama da ƙadangare, masu bincike 'yan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, da sunan Goronyo.

YarTawa
Ina gaishe ku daga Nijar. Dakta, wannan farin dutsen bai tsaya ga iyaka ba. Mu ma nan jihar Tawa shi ne ake yin siminti da shi a Malbaza. In ka bi hanyar Keita ko Buza ka dubi gefen tsaunuka, ratsin a fili yake tun daga nesa, fari, rawaya, toka-toka, sama kuma baƙin dutse mai ƙarfe ya rufe. Yara kan tsinto duwatsu masu siffar katantanwa da haƙoran kifi suna wasa da su. Mu da muka yi karatu da Faransanci kalmar da aka koya mana ma'anarta sauyawa bi da bi ce kawai.

Dakta_Rima
Gaskiya ne 'yar'uwa, kwari ɗaya ne, wato faffaɗan wuri mai zurfi da shimfiɗu suka taru a ciki, sunansa Iullemmeden. Abin da muke kira kwarin Sakkwato gefensa ne na kudu maso gabas.

Musa_300L
Ranka ya daɗe Dakta, to wannan jerin da ka lissafa ba shi ne saikulotem ba? An koya mana a zangon da ya wuce, kuma na ga kamar ma'anarsu ɗaya da intabedin.

Dakta_Rima
Ba ɗaya ba ne Musa, kuma ka kiyaye kada ka rubuta haka a jarrabawa. Intabedin siffantawa ce kurum. Tana cewa ga abin da ido ya gani, ba ta ce komai game da dalili ko tsawon lokaci ba. Saikulotem kuwa da'awa ce babba. Harold Wanless da Marvin Weller ne suka ƙirƙiro kalmar a 1932, saboda duwatsun kwal na jihar Illinois a Amurka. A can ba iri biyu ne ke sauya juna ba, jeri ne guda mai tsari: dutsen yashi, dutsen laka, tsohuwar ƙasar da itatuwa suka tsiro a kai, kwal, sannan farin dutse da dutsen laka na teku. Jerin ya ƙare, ya sake farawa daga farko, sau da dama. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne ƙanƙarar da ta lulluɓe nahiyar kudu ta wancan zamani, Gondwana, kimanin shekaru miliyan 300 baya. Ta taru, teku ya sauka, dazuzzukan fadama su bazu. Ta narke, teku ya hau ya binne su, su zama kwal. Na Sakkwato zuwa biyu ne na teku, ba wannan maimaicin ba. Ni ba zan kira shi saikulotem ba.

Hadiza_Geo
A nan zan ɗan saɓa wa Dakta. A asalin ma'ana haka ne. Amma marubuta da yawa sun faɗaɗa kalmar, suna amfani da ita ga duk jerin da ke nuna hawan teku da saukarsa yana maimaituwa, ko da kwal ko babu. Musa zai ci karo da hakan a takardu, gara ya sani.

Dakta_Rima
Na san suna yi, Malama. Ban ce ba a yi ba, cewa na yi ban so. In kalma ta faɗaɗa har ta rufe komai, sai ka rasa me mai rubutu yake nufi.

Hadiza_Geo
To ai mai rubutu sai ya fayyace. Ba za mu tsare kalma a 1932 ba.

Abu_Fatima
Manya sun kaure. Dan_Jega dai ruwa yake nema.

Musa_300L
Na gode duka. Saura ɗaya: ritimayit fa?

Hadiza_Geo
Ita tana tsakiya. Sauyawa ce mai daidaito, kauri kusan ɗaya, tazara kusan ɗaya, har ka yi zargin akwai wani abu mai zagayowa a bayanta. Mafi shahara a cikinsu ita ce shimfiɗar shekara, wadda mutanen Suwidin ke kira varv: a tafkin da ke daskarewa, bazara ta ajiye layi mai haske mai ɗan kauri, hunturu ya ajiye siriri mai duhu, biyun shekara ɗaya ke nan. Gerard De Geer ya ƙirga su ya fitar da lissafin kimanin shekaru 12,000 a 1912. Kuma ba sai ƙasar ƙanƙara ba. Tafkin Yoa da ke Ounianga a arewacin Chadi yana da irin wannan layukan, an ciro su daga ƙasan tafkin aka karanta tarihin kusan shekaru 6,000, aka buga sakamakon a 2008. Ya nuna Sahara a hankali ta bushe, daga ciyayi da itatuwa zuwa rairayi.

Akwai kuma masu dogon zango, da ke bin sauyin juyawar duniya da wani masani mai suna Milankovitch ya lissafa, na wajen shekaru 21,000 da 41,000 da 100,000. Sai dai a kiyaye, ba duk mai kama da daidaito ne agogo ba. Duwatsun filish, wato dutsen yashi da dutsen laka masu bin juna, na gaɓar Zumaia a Sifen, in ka ga hotonsu sai ka rantse da ma'auni aka jera su, amma da yawa daga cikin ratsin yashin nan zaftarewar ƙasa ce a ƙarƙashin teku, kowanne cikin sa'o'i ya kwanta, lakar da ke tsakani kuwa ta ɗauki ɗaruruwa ko dubban shekaru. An ga irin wannan zaftarewar a 1929, lokacin da girgizar ƙasa a gaɓar Newfoundland ta tura laka da yashi suka bi gangaren teku suna tsinka wayoyin tangaraho ɗaya bayan ɗaya.

Sani_Kwantagora
Wato ba za ka ƙirga ratsin rijiyar Jega ka ce shekara kaza ba ke nan.

Hadiza_Geo
Ko kusa. Ratsi ɗaya na iya zama ambaliyar kwana biyu, na kusa da shi ya zama fadamar da ta yi ƙarni tana tara laka. Ga kuma abin da ruwa ya kwashe a tsakani wanda ba ya nan sam.

Injiniya_Bajoga
Na zo a makare. Ku zo Gombe ku ga abin da ido, a ramin da ake ciro dutsen siminti a Ashaka: farin dutse da dutsen laka suna bin juna a bango, da manyan dodon koɗi na teku a ciki, wasu sun kai faranti. Ga mai siminti wannan ni'ima ce, don dama haɗin yana buƙatar farin dutse wajen kashi huɗu cikin biyar, sauran laka. Ga mai gina hanya kuwa ciwon kai ne. Ruwan sama ya ratsa yashi, ya iske laka ya tsaya, ya bi samanta yana neman mafita. Fuskar lakar ta yi santsi. In shimfiɗun sun karkato wajen hanyar da ka yanka, wata rana da damina duk abin da ke sama sai ya sulmiyo. Shi ya sa in na ga kalmar nan a rahoton gwajin ƙasa, abin da nake fara tambaya shi ne ina suka karkata, kuma da digiri nawa.

Dan_Fatakwal
Mu kuma a harkar mai ita muke nema ido rufe. A Neja Delta shimfiɗu uku ne manya: Akata a ƙasa, kusan laka zalla, Benin a sama, kusan yashi zalla, Agbada a tsakiya, yashi da laka bi da bi. Kusan duk man da Najeriya ke haƙowa a Delta daga Agbada yake. Dalilin shi ne dai wanda Dakta ya faɗa game da ruwa, yashi ya riƙe, laka ta rufe.

Dan_Monguno
Mu ma a Barno haka ne, amma da ruwa. Shimfiɗun Chadi ma'ajiyar ruwa uku gare su, ta sama, ta tsakiya da ta ƙasa, laka mai kauri ta raba su. Iyayenmu suna ba da labarin burtsatsen da aka haƙa wajajen 1960, ana huda lakar ruwa ya yi tsiri da kansa ba inji ba famfo, dare da rana, da ɗuminsa. An bar da yawa a buɗe suna zuba shekara da shekaru, ƙarfin ya yi ta raguwa.

MaiRigi_BK
A kwarin Rima ma akwai wuraren da yashin Gwandu ke turo ruwa da kansa. Amma bari in dawo da mu kan Dan_Jega. Wani abu da mutane ba sa ganewa: ratsin laka ba dole ya shimfiɗu ko'ina ba. Wani yana sirancewa ya ɓace cikin mita ɗari biyu. Don haka kada wani a kwamiti ya ce ai burtsatsen makarantar boko a mita hamsin aka samu ruwa, me ya sa namu ya wuce. Kuma sabe ɗin, wato binciken ƙasa da ake yi da wayoyi da ƙusoshi kafin haƙa, ba ya ganin siraran ratsi, dunƙule su yake yi ya ba ka matsakaici. Sai an huda ake sani.

Kufena01
To wace kalma aka tsayar? Karɓa-karɓa, ratsi, ko bi da bi?

Malamin_Jogurafi
Ni ina nan kan karɓa-karɓa. Ratsi tana iya nufin layi ɗaya tak a cikin dutse, ba ta nuna maimaici.

YarTawa
Sai a ce ratsi-ratsi mana.

Malamin_Jogurafi
Ratsi-ratsi kuma za ta haɗa har da nayis ɗin Zariya da Malama Hadiza ta ce a fitar.

Dan_Jega
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na kira mai haƙar. A rahoton yashi aka fara ambata, Dakta. Ya ce sikirin biyu ya sa, ɗaya daga mita 52 zuwa 58, ɗaya daga 66 zuwa 72, kuma ya ce duk a yashi suke. Na ce ya kawo a rubuce kamar yadda UmmuSadiq ta ce. Ga dattawa kuwa ratsin Baba zan yi amfani da shi, don biyu daga cikinsu sun yi haƙar rijiya.

MaiRigi_BK
Kada ku tsaya a takarda. Ku ce ya kawo janareta da famfon gwaji a ja ruwa sa'o'i a gabanku, a auna inda ruwan ya sauka da yadda ya dawo. Ku tara a farin bokiti a farko, a tsakiya, da ƙarshe. In na ƙarshen ya kwana ba abin da ya kwanta, ku biya shi. Kuɗin man gwajin kuma ku duba yarjejeniyarku, yawanci a kan mai haƙa yake.

Musa_300L
Dakta, Malama, in an tambaye mu a jarrabawa ko jerin Sakkwato da Dakta ya lissafa saikulotem ne, wanne zan rubuta?

Dakta_Rima
Wa ke koyar da ku darasin?